Shaguna a Filin Makaranta: Wa Ke da Ikon Ba da Izini?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Malam, ina zaune a cikin garin Gombe, kuma 'ya'yana suna makarantar firamaren gwamnati da ke unguwarmu. Tun lokacin hutun da ya wuce aka haƙa harsashi a gefen filin da yara ke wasa, ta ɓangaren da ke kallon titi, aka ce shaguna za a jera. Da na yi magana a taron iyaye, shugaban kwamiti ya ce mai unguwa da kansila sun sa hannu, kuma da kuɗin hayar za a riƙa gyara rufin azuzuwa. Da na nemi a nuna mana takardar, sai aka soma yaɗa cewa ni ɗan adawa ne da aka turo in ɓata wa kansila suna. Hankalina a tashe yake, domin gini ya kai taga. Shin suna da wannan ikon? In ba su da shi, ina za mu nufa?

Daga wani uba a Gombe

Amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, hankalinka ya tashi a inda ya kamata ya tashi. Mai unguwa da kansila da shugaban kwamitin iyaye, ko sun haɗu sun sa hannu a takarda ɗaya, ba su da ikon ba da ko taku ɗaya na filin makarantar gwamnati, kyauta ko haya.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan filayen jiha amana a hannun gwamna, ta kuma ce filin da ke cikin birni shi kaɗai ke iko da shi, yayin da ƙaramar hukuma ke ba da izinin mallaka a wuraren da ba birni ba. Garin Gombe kuwa babban birnin jiha ne tun 1996, saboda haka ko shugaban ƙaramar hukuma ba shi da hurumin yanka fili a cikinsa, balle kansila, wanda aikinsa wakilcin mazaɓa ne a majalisar ƙaramar hukuma. Dokar ta ƙara da cewa duk cinikin fili da aka ƙulla saɓanin tanadinta ɓatacce ne.

Abin da ya fi damuna, wanda kuma nake cin karo da shi kusan kullum, shi ne yadda jama'a suka sakankance cewa hatimin mai unguwa takardar mallaka ce. Wannan fahimta ta cinye filayen makarantu fiye da yadda zaizayar ƙasa ta ci. Mai unguwa uba ne, muna girmama shi, kuma shaidarsa tana da nauyi a kan wane ne ya gaji wane gida da inda iyakar wane ta tsaya, amma shaida daban, mallaka daban, kuma mutum ba ya kyauta da abin da ba nasa ba. Takardar da ake taƙama da ita, in aka matsa aka fito da ita, galibi falle ɗaya ce da aka rubuta da biro, ga dangwale huɗu ko biyar a ƙasa, ga hatimi, babu taswirar safiyo, babu lambar fayil, babu sunan wata hukuma da ta san da zamanta. Dillalan da ke yawo da irin waɗannan takardu sun san ba su da tushe. Sun karɓi la'adarsu sun yi gaba, kuma ranar da motar rusau ta iso unguwa ba za a ga ƙeyarsu ba, sai talakan da ya sayar da gonarsa ya zuba kuɗin a shago.

Akwai kuma kalmar da ake yaudarar iyaye da ita, wato cewa na wucin gadi ne. Da rumfar kwano ake farawa, sai a ajiye kwantena, sai a yi daɓen siminti, sai bulo, sai mai shagon ya rasu 'ya'yansa su sa shi cikin gado, kuma a lokacin duk wanda ya san asalin maganar ya yi ritaya ko an yi masa canjin wurin aiki. Na ga makarantar da bayan shaguna ya zama shi ne katangarta, mai walda yana aiki dab da tagar aji ɗaya, tartsatsi na tashi, janareta na ruri, malama tana ɗaga murya har ta dushe, ruwan wanke-wanken mai abinci kuma yana kwarara ta inda yara ke yin layin safe. Sannan filin da ake gani kamar banza yake kwance, shi ne wurin da za a gina ƙarin azuzuwa idan yara sun yi yawa, kuma yawan suna yi kowace shekara. A gari irin Gombe mai ƙasar rairayi da kwaruruka, buɗaɗɗen fili yana shanye ruwan sama, idan aka toshe shi da gini ruwan zai nemi hanya ta gindin azuzuwan da ake cewa za a gyara.

Batun gyara rufi da kuɗin haya kuwa, ka tambaye su asusun da kuɗin zai shiga da sunayen masu sa hannu a kansa, ka ga yadda za a fara kame-kame. Gyaran makaranta yana da hanyarsa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na tarayya, jiha kuma tana zuba daidai abin da za ta karɓa kafin a sakar mata, sannan SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ta tsara ayyukan da za a yi. Aikin kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, shi ne ya rubuta buƙatun makarantar ya bi su har su shiga wannan tsari. Na san hanyar tana da jinkiri mai ban takaici, amma jinkirin hukuma bai halatta wa kowa yanka filin yara ba. Idan kuma aka juya aka ce to sai iyaye su biya kuɗin dole, wannan dokar ta 2004 ta haramta karɓar kuɗi a firamare da ƙaramar sakandare, har da tara ko ɗauri ga wanda ya karɓa.

Kada ka tsaya jayayya a majalisar ƙofar gida, kuma kada ka yi wannan tafiya kai kaɗai. Nemi iyaye maza da mata da tsofaffin ɗaliban makarantar, musamman waɗanda kowa ya san jam'iyyarsu ɗaya da kansila, domin sa hannunsu ne zai kashe zancen adawa. Ku rubuta takardar koke zuwa ga Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, ku aika kwafi ga shugaban SUBEB da hukumar GOGIS mai kula da bayanan filaye da hukumar tsara birane ta jiha, ku kuma kai wa hakimi nasa cikin ladabi, domin sau da yawa ba a sanar da shi abin da ake yi da sunan masarauta. Ku haɗa da hotunan ginin masu kwanan wata. Kada ku zargi kowa da cin kuɗi a cikin takardar, tunda ba ku da hujja a kai. Ku nemi a dakatar da ginin, a nuna izinin da aka dogara da shi, a kuma turo safiyo ya auna filin ya kafa duwatsun iyaka.

Duk ofishin da kuka kai takarda, kada ku fito sai an buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinku, domin "ku dawo gobe, oga ba ya nan" ta kashe ƙorafi da yawa, kuma takardar da ba ta da shaidar karɓa ana iya cewa ba a taɓa ganinta ba. Hedimasta kuwa ku sassauta masa, ma'aikaci ne da ke tsoron a jefa shi ƙauye, amma ku roƙe shi ya rubuta abin da ke faruwa a littafin tarihin makaranta, ya kuma duba ko akwai tsohuwar taswirar filin a ofishinsa. Tsofaffin makarantu da dama ba su da ita, shi ya sa auna filin ya fi komai gaggawa. Ku yi wannan a cikin makon nan, tun kafin a ɗora rufi a zuba kaya, kuma kada wani matashi ya taɓa bulo ɗaya da sunan rushewa, domin daga nan maganar za ta koma ofishin 'yan sanda a kanku.