Ƙarar injin zarton ƙarfe: amsa ga yarona

Ka ce ka samu ɗan injin zarto na hannu, irin mai kwantawa a kan ƙarfe ya yanka da nauyinsa, ka kafa shi a shagon ƙofar gidanku, kuma tun ranar Hajiya take cewa har ɗakinta tana jin rugugi, maƙwabcinku ma ya fara amsa gaisuwa a daƙile. Kana tambaya ko ka haɗa masa akwatin katako ka liƙe cikinsa da soson katifa.

Kada ka yi, ɗana. Moton yana shan iska ne ta fankar da ke bayansa, in ka toshe shi a zafin Afrilu sai ka ji ƙaurin waya. Soso kuma ga garin ƙarfe ga mai, ga tartsatsin walda a kusa, ka san abin da zai biyo baya. Ban da haka ma, a duk kayan yankan ƙarfe wannan injin yana cikin masu ƙarancin hayaniya. Wanda aka saita daidai, mutum biyu za su tsaya kusa da shi suna hira ba tare da ɗaga murya ba. In naka yana hana gida sakat, akwai abin da ke damunsa, akwati kuwa ɓoye ciwon kawai zai yi.

Fara da raba ƙarar gida-gida. Zare fulogi daga bango, ba kashe makunni kaɗai ba, don wutar ƙasar nan tana dawowa ba sallama. Cire bel, ka kunna moto shi kaɗai. Sannan mayar da bel amma ka sauke zarton, ka sake kunnawa. Sannan ɗora zarton ka bar shi yana juyawa babu ƙarfe. Daga ƙarshe ka sa ƙarfe ka yanka. A matakin da ƙarar ta shigo, nan matsalar take. In kana son ka tabbatar, ɗauki doguwar sukurudireba, ɗora bakinta a jikin giyabos (akwatin giya) ko kusa da boris (zoben ƙwallayen ƙarfe da ke sauƙaƙa juyi), ka kara mariƙin a kunnenka, kana lura da hannun rigarka. Lafiyayyen boris shuuu yake yi a miƙe. Wanda ya mutu za ka ji kamar ana niƙa tsakuwa a ciki.

In da bel ƙarar ta zo, duba ɗan sukurun da ke riƙe fuli, wato faifan da bel ke hawa, a jikin shaf, sandar ƙarfen da ke juya shi, yana yawan kwancewa, shi ke sa ƙwal-ƙwal. Ɗora rula a fuskar fuli biyun ka ga ko suna kan layi ɗaya. Bel da ya daɗe a ajiye yana sandarewa a siffar da ya kwana, duk zagaye sai ya doki injin, canza shi kawai. Buɗe murfin giyabos kuma, injin a kwance don kada man ya zube. A ciki akwai giya ta tagulla da wata ta ƙarfe mai kama da sukuru. Zubar da tsohon man, wanke ciki da kananzir, ka zuba man giya mai kauri. Nemi mai lamba GL-4, domin wasu masu lamba GL-5 suna cin tagulla a hankali.

Yanzu zarton kansa, wanda a nan ne yawancin yara ke ɓata aiki. Irin injin naka yana ɗaukar zarto mai faɗin rabin inci, tsawonsa inci 64 da rabi. Kafin ka ɗora sabo, dubi inda haƙoran suka fuskanta: dole su kalli inda zarton yake tafiya. Wani lokaci yakan fito daga kwali a juye, sai ka sa safar hannu ka birkice shi ciki ya koma waje. Ɗaure shi tamau. A kan waɗannan ƙananan injinan da wuya ka wuce kima da ƙarfin hannu, sakwarkwaccen zarto kuwa shi ke karkata yanka, shi ke tsalle daga kan gargare, wato manyan faya-fayai biyu da zarton ke zagayawa a kansu. Gefen zarton marar haƙora ya riƙa taɓa leɓen gargaren kaɗan-kaɗan. In yana gogarsa da ƙarfi za ka ji ƙiii ba yankewa, har leɓen ya cinye. Akwai noti a tsakiyar gargaren sama na karkata shi, juya shi kaɗan, ka juya gargaren da hannu ka duba, kada ka yi gaggawa. Boris ɗin da ke kama zarton hagu da dama su taɓa shi, amma ka iya tsayar da ɗaya da yatsa in ka matsa. Hannun da ke ɗauke da su kuma ka jawo shi kusa da ƙarfen da kake yanka. Duk tazarar da ka bari, wurin rawa ka ba zarton.

In kana jin tak, tak, sau ɗaya a kowane zagaye, wurin da aka yi wa zarton walda ne yake wuce boris. Ɗan kaɗan ba komai. In ya yi yawa, ko dai waldar ta yi tudu, ka goge ta da fayil, ko tsagewa ta fara, ka sauke shi kafin ya tsinke.

Zancen haƙora ka riƙe shi da kyau, don kukan da ya fi shiga kai daga nan yake fitowa. Ƙa'idar ita ce a kowane lokaci haƙora uku aƙalla su kasance cikin ƙarfen. Zarto mai haƙora 14 a inci ɗaya, tsakanin haƙori da haƙori kusan milimita 1.8 ne, ka ga sai ƙarfe ya kai wajen milimita 5 da rabi kafin ukun su zauna ciki. To ka ɗora wannan zarton a kan fayif ɗin ƙofa da tagogi da muke sayowa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, wanda kaurin jikinsa bai kai milimita 2 ba. Bakin fayif ɗin zai faɗa tsakanin haƙora biyu, kowane haƙori ya zo ya fizge shi, injin ya ɗauki kakkarwa, can sai ka ga haƙora sun zube a jere. Ga irin wannan nemi mai 18 ko 24, ka kuma ɗaure sifirin da ke riƙe nauyin kan injin don nauyin da ke sauka ya ragu. Ga rodi mai kauri ko shaf, masu ƙananan haƙora cikewa suke yi da gari su daina ci, nan mai 10 ya fi. Ni dai in zarto ɗaya zan saya, bimetal nake saye, wato na ƙarfe iri biyu a haɗe, mai haƙora gauraye da ake rubutawa 10/14. Da yake tazarar haƙoran ba iri ɗaya ba ce, ba sa dukan ƙarfe a kan kiɗa ɗaya, wannan dogon kukan sai ya mutu. Ya fi tsada, amma baƙin zarto na arha ba ya kai shi kwana ko kusa.

Yadda ka kwantar da ƙarfen ma yana canza lissafin. Angil ayan ka kifa shi ƙusurwar tana kallon sama. Falan ƙarfe siriri ka shimfiɗa shi a kwance, kada ka tsayar da shi a gefensa. Matse bayis sosai, doguwar jelar da ta fito kuma ka tokare ta da wani abu, in ba haka ba ita ma ƙararta daban.

Gudu kala uku ne a kan fulin, a wutarmu kusan mita 20, 29 da 50 a minti ɗaya. In lambobin da ke jikin naka na Amurka ne, an auna su a wutar da ke juyi 60, tamu 50 ce, don haka gudunsa zai ɗan gaza abin da aka rubuta. Ka ma duba farantin moton ko na wuta mai volt 110 ne kafin ka ba shi 230. Baƙin ƙarfe gudun tsakiya yake so, alminiyam na sama, sitenles da shaf ɗin mota na ƙasa. Sabon zarto ka fara shi da sassauci, nauyi kaɗan a yankan farko-farko, har kaifin bakin ya zauna. Garin da ke zuba shi zai gaya maka gaskiya. Murza shi a yatsa bayan ya huce: in ƙura ce laushi, zarton shafa yake yi ba yanka ba, ƙara nauyi. In ya fito a nannaɗe fari tas, ka dace. In ya yi shuɗi ko ruwan ƙasa, zafi ya yi yawa, rage.

Sai ka gama duk wannan za ka waiwayi abin da Hajiya ke ji. Ita ba kukan haƙora ne ke isa gare ta ba, rugugin da ke bi ta ƙasa da bango ne. Ƙafafun da ake sayar da injin da su kwano ne marar kauri, ƙara amo suke yi. Kai mai walda ne, haɗa masa teburi na angil ayan mai kauri, ka ɗora katako mai inci biyu a sama, ka ɗaure injin da noti. A shiryayyen ƙasa ka ajiye buhun yashi. Ƙarƙashin kowace ƙafa sa yankin tsohuwar tayar mota, kuma ƙafafu huɗun su zauna daidai, kada ɗaya ta riƙa lilo. Janye shi daga bangon da kuka haɗa da cikin gida, ko tebur ko jelar ƙarfe kada wani ya taɓa bangon. Murfin bel da na gargare in suna karkarwa, yanko tsohon tif ɗin taya ka liƙa a cikinsu. Ƙofar da ke shiga gida kuma ka toshe ƙasanta da gefenta da roba, don ƙara ta kafa take bi.

Kunnenka fa? Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara) na awa takwas, giranda kuwa takan haura 90, don haka abin toshe kunne na lokacin giranda ne da dukan guduma, kada ka raina shi. In ka tashi da yamma ka sassauta zarton. Ranar Asabar ka zo mini da shi da guntun fayif ɗin da ka yanka, in ga haƙoran da idona.