Tambaya da Amsa: Me ya sa manhaja ke mayar mana da faktir?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfani mai sarin wake da aya a nan Maradi, muna kai kaya Kano ta Ɗan Isa da Jibiya. Abokan cinikinmu sun ce daga yanzu oda da faktir za su riƙa wucewa tsakanin manhajarmu da tasu a tsarin XML (tsarin rubuta bayanai gurbi-gurbi don na'ura ta karanta), ta BizTalk Server, manhajar Microsoft mai isar da saƙonni tsakanin manhajoji. Na tsara sikimar XSD, amma saƙonni da yawa ana mayar da su. Ina matsalar take?
Mai karatu daga unguwar Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sikima yarjejeniya ce tsakaninku: sunan kowane gurbi, abin da aka yarda ya shiga cikinsa, sau nawa zai zo, da jerin da za su bi. Tun 2001 hukumar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta tsayar da XSD, ƙa'idar rubuta sikimar XML, kuma na'ura ba ta yi wa kowa uzuri a kanta.

Fara duba kan saƙon. BizTalk yana gane irin saƙo ne ta haɗa targetNamespace (namespace, wato sunan da ke bambanta sikima da sauran) da sunan gurbin tushe, wanda ya ƙunshi sauran gurabe, da alamar # a tsakani. Harafi ɗaya ya bambanta, ko Faktir da babban baƙi a wajenka, faktir da ƙarami a wajensu, to saƙo biyu ne daban. Haka kuma in an girka sikima biyu masu namespace da tushe iri ɗaya, manhajar ba za ta san wadda za ta ɗauka ba, sai ta dakatar da saƙon. Ka sa elementFormDefault ya zama qualified a sikimar, don guraben ciki su ma su ɗauki namespace ɗin, ka shaida wa na Kano su ma su yi haka.

Amma inda muka fi zargi shi ne kuɗi da kwanan wata, don nan ne al'adar ofisoshinmu ta saɓa da ta XML. A Nijar muna rubuta 1 250,50 irin na Faransanci, da waƙafi da sarari. Gurbin xs:decimal ɗigo kawai ya sani: 1250.50, ba sarari, ba waƙafi. Kada ka gudu zuwa xs:float ko xs:double wai don sun fi sauƙi. Ba sa riƙe ɓurɓushin lamba daidai, jimillar layuka sai ta saɓa da jimillar faktir. Kowane adadi kuma ya zo da lambar kuɗinsa, XOF ga sefa, NGN ga naira, ka ƙayyade su da xs:enumeration, jerin abin da aka yarda ya shiga gurbin. Sefa ba ta da ɓurɓushi a ƙa'idar ISO 4217 ta lambobin kuɗi, naira tana da gurbi biyu na kobo. Faktir da ta ce 500000 ba ta faɗi na wane kuɗi ba, rigima ce ke jiran ranarta. Harajin TVA na kashi 19 shi ma a ba shi gurbinsa, kada a cusa shi cikin farashi.

Kwanan wata a xs:date shekara ce farko, sai wata, sai rana: 2025-03-07. In manhajarka ta fitar da 07/03/2025, an mayar.

Sai gurbin da aka bari fayau. minOccurs="0" yana nufin gurbin zai iya rashin zuwa gaba ɗaya, ba wai ya zo babu komai a ciki ba. Gurbin xs:decimal da ya zo fanko kuskure ne. Ko dai a cire shi, ko a sa masa nillable="true" a aiko shi da xsi:nil. Layukan kaya kuwa su samu maxOccurs="unbounded", domin in ba ka rubuta komai ba, sau ɗaya tak aka yarda, faktir mai wake da aya tare ta faɗi ke nan. A cikin xs:sequence jeri ma doka ne: in Adadi ya riga Farashi a sikima, haka zai zo a saƙo.

Lambar NIF ta haraji, lambar waya da lambar kaya duk ka sa su xs:string. Ba a lissafi da su, kuma in aka mai da su adadi, sifirin farko yana iya ɓacewa a hanya. Tsarin haruffan fayil ɗin kuma ya kasance UTF-8, in ba haka ba Ɗan Isa zai isa Kano da alamar tambaya a madadin Ɗ, don Windows-1252 ba ta da ɗ, ƙ, ɓ da ƴ. Alamar & a sunan kamfani a rubuta ta &.

Tambaya: Malam, muna so mu ƙara lambar mota a saƙon da muka daɗe muna aiki da shi. Sai mun sake sikima?
Mai karatu daga Sabon Gari

Amsa: In gurbin ba dole ba ne, sa shi a ƙarshen jeri da minOccurs="0", ka bar namespace yadda yake; tsofaffin saƙonni za su ci gaba da wucewa. Sai dai mai karɓa ya riga ka girka sabuwar sikimar, don tsohuwar tasa za ta ƙi gurbin da ba ta sani ba. In kuwa dole ne, ko ka canja suna ko irin wani gurbi, sabon namespace za ka buɗe mai v2 a ƙarshe, su biyun su yi aiki tare har kowa ya ƙaura. In da lambar motar za a riƙa raba saƙonni zuwa magaza daban-daban, sai ka ɗaga ta ta zama promoted property a BizTalk, wato bayanin da yake dubawa wajen raba saƙonni, kuma gurbin da ke maimaituwa ba ya ɗaguwa, saboda haka ka ajiye ta a kan faktir, ba cikin layukan kaya ba.