Na Fara Labari Huɗu, Ban Gama Ko Ɗaya Ba: Ko Ba Ni da Baiwar Rubutu Ne?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce, kuma tun ina ƙarama nake son karanta littattafan hikaya. Bara na fara rubuta nawa, ina turawa kaɗan-kaɗan a wani zauren WhatsApp. Da farko abin yana zuwa mini kamar ana karanto mini, amma da na kai babi na shida ko na bakwai sai kaina ya kulle, sai in ajiye in kama wani. Yanzu labari huɗu ke nan a wayata, babu wanda ya kai ƙarshe. Masu karatu suna ta cewa in ci gaba, ni kuwa kunya ta hana ni leƙa zauren. Malam, ko dai ba ni da baiwar rubutu ne? In haƙura, ko akwai dabara?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Bari in fara da abin da ya fi damunki, wato maganar baiwa. Baiwa gaskiya ce, ba a musunta ta. Akwai wanda Allah ya hore wa kunne, yana jin inda jimla ta karkace tun kafin ya san dalili. Sai dai babu editan da zai iya auna baiwarki da labarin da aka yasar a tsakiya. Sai an ga yadda kika warware abin da kika ƙulla sannan a san ko ke wace ce. Don haka ki jingine wannan tambayar tukuna. Wadda ta dace mu yi ita ce: me ya sa kullum a babi na shida ko na bakwai?

Ba tsautsayi ba ne, kuma ba ke kaɗai ba ce. Farkon labari cin bashi ne, tsakiyarsa kuma biya. A babukan farko kina gabatar da mutane, kina nuna inda suke zaune, kina jefa matsala nan da can, kina yi wa mai karatu alkawarin cewa akwai abin da ke tafe. Duk wannan da daɗi, domin bai tilasta miki yanke wata shawara mai wuya ba. Wajen babi na shida gabatarwa ta ƙare, mai bin bashi ya iso ƙofa. Yanzu dole wani ya aikata wani abu, wani ya yi asara, wani asiri ya tonu. Idan ba ki san abin da za ki biya da shi ba, sai sabon labari ya fara yi miki kwalliya, tunda shi bai kai lokacin biya ba.

A yawancin rubutun sababbin marubuta da ke zuwa hannuna, tushen ciwon guda ne: tauraron labarin ba ya neman komai. An ba shi suna, an ba shi kyau, an ba shi mota da gida, an ba shi maƙiya, amma shi kansa ba ya bin wani abu. Abubuwa ne kawai suke faɗo masa. Yau an yi masa sharri, gobe ya yi hatsari, jibi an yi masa ƙazafi. Irin wannan labari marubuciya ce take tura shi da ƙarfin tsiya, kuma ranar da musibun da ta tanada suka ƙare, ranar zai tsaya cak.

Dubi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Abin da tauraron yake nema shi ne ma sunan littafin. Ya bar gida neman wani ruwa mai magani, kuma duk yawon da ya yi gari-gari, duk keta da ramuwar da suka yi ta yi da Malam Zurƙe, mai karatu yana riƙe da tambaya ɗaya a ransa: zai samo ruwan ko ba zai samo ba? Wannan tambayar ce ta ɗaure labaran barkwancin da ke ciki, waɗanda in ba don ita ba da kowanne zaman kansa yake yi.

To, ki ɗauko labaranki huɗu, ki gwada kowanne da jimla guda: wance tana son kaza, amma kaza ya tare mata hanya, in kuma ba ta samu ba za ta rasa kaza. Idan jimlar ta ƙi fitowa, kin gano inda gizo ke saƙar. Kuma abin da take so ya zama abin da ido zai iya gani. “Tana son farin ciki” ba ya ɗaukar labari, domin ba wanda zai san ranar da ta same shi. “Tana son ta zana jarrabawar ƙarshe, amma kuɗin da ke gidan na mutum ɗaya ne, ga kuma yayanta” ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Nan take tambayoyi sun taso. Za ta roƙa? Za ta yi ƙarya? In ta samu, da wane ido za ta dubi yayan? Kin ga babi uku sun fito ba tare da kin matsa wa kanki ba.

Akwai wani gwaji da nake ba ɗalibai, mai sauƙi amma mai tona asiri. Ki taƙaita kowane babi a layi ɗaya, sannan ki duba kalmar da ke haɗa layi da layi. Idan duk “sai kuma” ce, sai kuma ta tafi, sai kuma ya dawo, sai kuma aka yi rashin lafiya, to jerin aukuwa kike yi, ba labari ba. Abin da ake so shi ne “saboda haka” da “amma”. Ta ɓoye takardar, saboda haka aka zargi ƙanenta. Ta yi niyyar faɗar gaskiya, amma ta tarar an riga an kore shi. Babin da ya haifi na gaba ba ya barin marubuci da farar takarda, domin abin da zai biyo baya yana cikin abin da ya wuce.

Sai maganar ƙarshen labari. Marubuta sun kasu: wasu ba sa ɗora alƙalami sai sun tsara babi-babi, wasu kuma suna gano hanya ne suna tafe. Duka biyun sun fitar da littattafai masu kyau. Amma ke kin gwada ta biyu har sau huɗu, ta kai ki inda ta kai ki. A wannan karon ki san inda za ki sauka kafin ki tashi. Ba lallai tsari mai shafi goma ba. Layi biyar sun isa: yadda aka fara, abin da ya hargitsa zaman, inda al'amari ya fi muni, shawarar da tauraruwa ta yanke da kanta, da abin da ta samu ko ta rasa. Ki lura da “da kanta”. Labarin da wani kawu mai kuɗi ya faɗo daga sama a babin ƙarshe ya warware komai, ko mafarki ya zo ya share duk abin da aka sha wahalar karantawa, cin amanar mai karatu ne.

Yanzu ga abin da na san ba zai yi miki daɗi ba: ki daina tura labari kafin ki gama shi. Na san daɗin “Allah ya ƙara basira” da “don Allah a ƙaro mana”. Amma sakin labari shafi-shafi yana da tsada ga mai koyo. Abin da kika saki ya saku, ba ki da damar komawa babi na biyu ki dasa abin da babi na tara yake buƙata, alhali rabin aikin ƙagaggen labari komawa baya ne. Sannan masu karatu sukan karɓe linzami: wannan ta ce a kashe kishiya, waccan ta ce a aurar da wance ga wane, ke kuma kina son faranta wa kowa, sai labarin ya zama na taro. Abu na uku ya fi ɓoyuwa. Yabon da ya kamata ya zo a ƙarshe kin riga kin karɓe shi a babi na uku, to me zai ja ki zuwa na ashirin? Gogaggun da kike gani suna saki kullum, da yawansu sun san ƙarshen labarin, wasu ma sun rubuce shi. Game da zauren kuwa, layi biyu sun wadatar: ki ba su haƙuri, ki ce kin tsaya gyara. Kunyar ta fi girma a ranki fiye da a nasu.

Shawarata ma ita ce ki sauko daga dogon labari na ɗan lokaci, ki gama gajere guda. Gajeren labari yana koyar da abin da farkon littafi goma ba za su koyar ba, wato yadda ake rufewa. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata marubuta ta saba neman labari mai kalma 1,000 zuwa 1,500. Ko ba za ki shiga ba, wannan awo ne mai kyau na horo: mutum biyu ko uku, matsala ɗaya, ba wurin zagaye-zagaye. Kuma kada ƙanƙanta ta sa ki raina shi. Littattafan da suka fito daga gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933, wadda Hukumar Fassara ta shirya ƙarƙashin Dakta Rupert East, ƙanana ne, ana iya cinye kowanne a zama ɗaya ko biyu. Abubakar Imam yana malamin makaranta mai shekara 22 ya rubuta nasa, wato Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ma matashin malami a lokacin, ya rubuta Shaihu Umar. Babu wani ƙagaggen labarin Hausa na boko da ke gabansu da za su kwaikwaya. Abin da ya sa har yau ake karanta su, kafin komai, shi ne sun kai ƙarshe sun miƙa.

Kan jiran “sha'awa ta zo” ba zan daɗe ba. Ba a jiran ta. Ki yanka wa kanki abin da za ki iya ko ranar da kika gaji, misali kalma 300. A wata biyu kalma 18,000 ke nan. Ki tsaya kullum a inda kika san abin da zai biyo baya, don gobe ki tarar da ƙofa a buɗe. Kuma ki ajiye kwafi a wani wuri ban da wayar, domin waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa.

Kada ki haɗa rubutu da gyara a zama ɗaya. Mai rubutu yana buƙatar sakewa, mai gyara yana buƙatar rashin tausayi, in suka zauna tare ba mai motsi. Rubutun farko ki bar shi ya fito da duk muninsa. In kin gama ki ajiye shi mako biyu ko uku, sannan ki karanta da babbar murya. Kunne yana kama abin da ido ya tsallake, musamman a hirar taurari. A nan za ki ji cewa tsohuwa da jikarta suna magana da murya ɗaya, wato muryarki. A nan za ki ga gaisuwar da ta ci rabin shafi ba ta ƙara komai ba, da kwatancen kyawun tauraruwa daga gashi har yatsun ƙafa, wanda, in faɗa miki gaskiya, mun gaji da shi. Alama guda da ta bambanta ta da kowa ta fi shafi guda na dogon hanci da manyan idanu. Haka nan maimakon “ranta ya yi matuƙar ɓaci”, ki nuna mana ta ninke wasiƙar sau huɗu, ta tura ƙarƙashin littafi, ta ci gaba da magana kamar ba komai. Mai karatu yana son a bar masa abin da zai gano da kansa.

Ƙa'idojin rubutu kuma ba ado ba ne. Baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da sanin inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, “ya ce” ba “yace” ba, “shi ne” ba “shine” ba, su ne abin da alƙalin gasa ko edita yake fara cin karo da shi. Wanda ya yi tuntuɓe sau goma a shafin farko da wuya ya kai inda kika ɓoye gwanintarki. Ki kuma yawaita karatu, amma irin na mai koyon sana'a. In wani babi ya hana ki barci, ki koma ki duba yadda aka gina shi, a ina aka fara, me aka ɓoye, a ina aka yanke. Dabara ake ɗauka, ba jimloli ba. Ɗaukar jimlolin wani ko zubin labarinsa sukutum satar fasaha ce, kuma masu karatu suna ganewa.

Idan kin gyara, ki ba mutum biyu su karanta, ba waɗanda za su ji nauyinki ba. Kada ki tambaye su ko ya yi daɗi, domin za su ce ya yi. Ki tambaye su a wane shafi suka ajiye suka duba waya, wane ne ba su yarda da shi ba a cikin taurarin, kuma me suka zaci zai faru a ƙarshe. In duka biyun suka nuna wuri ɗaya, akwai matsala a wurin, ko da maganin da suka kawo ba daidai ba ne. Gano ciwon nasu ne, maganin naki.

A cikin huɗun, ki zaɓi wanda jimlar gwajinsa ta fito ba da wahala ba, ko da ba shi ne ya fi samun yabo a zaure ba. Ki rubuta babinsa na ƙarshe a wannan makon, sannan ki koma inda kika tsaya ki cike tsakanin. Sauran ukun ki tara su wuri ɗaya kada ki goge, wataƙila a cikinsu akwai tauraron da zai yi miki amfani a wani labarin. Allah ya taimaka.