Hukuncin shiga gida-gida don wayar da kan mata kan haihuwa da dukan mata

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Tahoua. Ina cikin masu aikin sa kai da ke bin gidaje, muna yi wa mata bayanin awon ciki, tazarar haihuwa da dukan da wasu mazaje ke yi. Wasu sun ce raba aure muke yi. Mene ne hukuncin aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Aikin halal ne, kuma idan babu mai yin sa a unguwa ya zama farilla ta kifaya, wato wajibin da idan wasu suka yi ya sauka daga kan saura, domin tsare rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba.

Kan tazarar haihuwa, Sahabi Jabir ya ce suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani yana sauka, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. A kansa malamai suka yi ƙiyasin ƙwaya, allurar wata 3 da ashanar hannu. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta tazarar wucin gadi da yardar miji da mata, ta hana tsayar da haihuwa gaba ɗaya sai da lalura. Zubar da ciki kuwa, mashhurin mazhabar Malikiyya ya hana shi ko kafin kwana 40. Ke aikinki bayani ne. Kada ki raba ƙwaya daga jakarki. Ungozomar likita ce za ta auna hawan jini ta zaɓa, don wata ƙwayar tana rage nono, wata ba ta dace da mai hawan jini ba.

Abin da ya fi cancantar lokacinki shi ne alamomin haɗari: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da hannu, jijjiga, da naƙudar da ta wuce awa 12. Idan kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara, naman wurin yana mutuwa, daga nan yoyon fitsari ke zuwa. Yankan gishiri ba ya buɗe hanya, ƙara ɓarna yake. Sau da yawa jinkirin zuwa likita daga jiran izinin maigida ne da ya tafi cin rani, don haka a nemi izinin da kuɗin mota tun ciki yana wata 7.

Maganar duka, Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ko hadimi ba. Mukhtasar Khalil, littafin fiƙihun Malikiyya, ya ba mace damar neman alƙali ya sake ta saboda cuta bayyananna, ko da shaidu ba su tabbatar an maimaita ba. To wanda ya faɗa mata wannan bai raba aure ba, hukunci ya karantar.

Sai dai ki kiyaye tsari. Ki ji ta ita kaɗai, ba gaban kishiya ko uwar miji ba, kuma sirrinta amana ne. Kada ki tunkari mijin da kanki; yawanci bayan fitarki zai huce a kanta. In akwai rauni, likita tukuna, a karɓi takardar shaida. Sannan, da yardarta, a sa waliyyinta da wani daga dangin miji su zauna, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara. In ya gagara, a kai ga liman ko mai unguwa, sai kotu. In ranta na cikin haɗari, ba a jiran sulhu: a fitar da ita, a sanar da 'yan sanda ko jandarma.

Ki fita da sanin mijinki da cikakkiyar sutura, maza kuma su yi wa maza bayani. Kuɗin mai da ake ba ku halal ne. Wallahu a'alam.