Ya Kashe Mutum Biyu a Zanga-zanga, Kotu Ta Sake Shi: Yaya Aka Yi Haka?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Gardama muka yi a majalisarmu kan wani yaro a Amurka, Kyle Rittenhouse, da ya harbi mutum uku a wajen zanga-zanga, biyu suka mutu, amma kotu ta ce ba shi da laifi domin wai kare kansa ya yi. Ni dai abin bai kwanta mini ba. Mutum ya ɗauki bindiga ya tafi inda ake rikici da ƙafarsa, sannan ya ce kare kai ya yi? Ina adalci a nan? Kuma da a Najeriya ne haka za a yi? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da bai kwanta maka ba, ni ma bai kwanta mini ba. Sai dai ina ganin ba a ɗakin kotun matsalar ta fi yawa ba, tun kafin a shiga kotu aka yi ɓarin. Bari mu bi abin daki-daki.

Ranar 23 ga Agusta, 2020, wani ɗan sanda a garin Kenosha na jihar Wisconsin ya harbi wani baƙar fata mai suna Jacob Blake, harbin da ya bar shi da shanyewar ƙafafu. Gari ya ɗauki zafi, aka yi zanga-zanga, da dare kuma aka ƙona shaguna da motoci. A dare na uku, 25 ga wata, wasu mutane ɗauke da bindigogi suka fito da sunan gadin dukiyar jama'a. Rittenhouse na cikinsu, yana ɗan shekara 17, daga garin Antioch na jihar Illinois, tafiyar kimanin kilomita 30. Bindigar da ke rataye a ƙirjinsa samfurin AR-15 ce, abokinsa Dominick Black ne ya saya masa domin shekarunsa ba su kai ya saya da kansa ba.

Harbin kashi biyu ne, kuma dole a rarrabe su. Na farko, Joseph Rosenbaum mai shekara 36, wanda ba ya ɗauke da makami, ya bi Rittenhouse da gudu cikin filin wani kamfanin sayar da motoci, ya jefe shi da wata leda. Ana cikin haka wani mutum daban a bayansu ya harba ƙaramar bindiga sama. Rittenhouse ya juyo, Rosenbaum ya cim masa, ya harbe shi sau huɗu. Wani ɗan jarida da ke daf da su, Richie McGinniss, ya shaida wa kotu cewa ya ga Rosenbaum ya kai hannu ga bindigar. Na biyu, Rittenhouse ya ruga kan titi, jama'a suka bi shi suna ihun cewa shi ne ya yi harbi. Ya faɗi ƙasa. Anthony Huber mai shekara 26 ya maka masa allon nan mai tayoyi da matasa ke sulu a kai, ya kai hannu ga bindigar, harsashi ɗaya ya same shi a ƙirji ya mutu. Sai Gaige Grosskreutz ya matso riƙe da ƙaramar bindiga, aka harbe shi a damtse, ya rayu.

To me doka ta ce? Dokar Wisconsin, sashe na 939.48, ta ba mutum damar yin amfani da ƙarfin da zai iya kisa idan ya yi imani cewa in bai yi haka ba za a kashe shi ko a yi masa mummunan rauni nan take, kuma ya zama imanin nasa irin wanda mai hankali zai yi ne in an sa shi a wannan halin. Ka lura, abu biyu ne: tsoron ya zama na gaske a zuciyarsa, kuma ya zama tsoron da hankali zai ɗauka. Dokar ba ta tambayi ko mutumin kirki ne ba, ba ta tambayi ko zuwansa wurin wauta ce ba. Daƙiƙoƙin da ya ja kunamar bindiga take aunawa.

Sannan ga abin da yawancin masu gardama a majalisa ba sa sani, kuma shi ne ƙashin bayan shari'ar gaba ɗaya. Da zarar wanda ake tuhuma ya kawo 'yar shaidar da ke nuna kare kai, nauyi ya koma kan gwamnati. Ba shi ne zai tabbatar da cewa ya kare kansa ba, masu gabatar da ƙara ne za su tabbatar da cewa bai kare kansa ba, kuma da hujjar da ba ta bar wata shakka mai ma'ana ba. Mutum 12 da aka zaɓo daga cikin jama'ar gari, waɗanda ake kira juri, su ne za su yanke, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya. Don haka da suka fito ranar 19 ga Nuwamba, 2021, bayan sun shafe fiye da kwana uku suna shawara, suka ce ba shi da laifi a duk tuhuma biyar ɗin da aka gabatar musu, ma'anar maganarsu ita ce gwamnati ba ta kawar musu da shakka ba. Ba su ce ya yi daidai ba, ba su ce jarumi ne ba, ko da yake magoya bayansa haka suka fassara ta.

Kuma gaskiya shaidun gwamnati da kansu suka yi mata illa. Da lauyan Rittenhouse ya titsiye Grosskreutz, ya amsa cewa a lokacin da aka harbe shi bindigarsa na kallon Rittenhouse. Duk lauyan da ya ji shaidarsa ya faɗi haka a gaban kotu ya san tuhumar nan ta yi rauni.

Tambayarka ta "ai shi ya kai kansa" tana da gurbi a doka, ana kiranta tsokana. Wanda ya tsokano faɗa da haramtaccen aiki yana rasa damar cewa kare kai ya yi, sai fa in ya janye, ko ya nemi duk hanyar tsira ya rasa. Mai gabatar da ƙara, Thomas Binger, ya jingina da wannan. Ya kawo bidiyon da jirgi maras matuƙi ya ɗauka, ya ce a ciki Rittenhouse ya nuna wa mutane bindiga kafin Rosenbaum ya bi shi. Amma hoton dishi-dishi ne, kuma abin da kowa ya gani ƙarara shi ne yaro na gudu ana bin sa. Zuwa wurin da bindiga kuwa, shi kaɗai ba tsokana ba ne a idon dokar jihar, domin Wisconsin ta halatta wa babba yawo da bindiga a fili. Hatta tuhumar riƙe makami yana ƙasa da shekara 18, alƙali Bruce Schroeder ya soke ta, saboda yadda aka rubuta dokar ya sa ba ta hau kan bindiga mai tsawon baki irin tasa ba.

Yanzu ga inda raina yake ɓaci. Ka tsaya a matsayin Anthony Huber. Ka ji harbi, ka ji ana cewa ga wanda ya kashe mutum can yana gudu da bindiga. Ka yi ta maza ka bi shi don ka ƙwace makamin kafin ya ƙara kashe wani. A ƙarƙashin wannan doka dai, kai ma kana da hujja, kare rayukan wasu kake yi. Da Grosskreutz ne ya riga harbi ya kashe Rittenhouse, da wuya a ce shi ma ba zai tsaya a kotu ya ce tsoro ya ji ba, kuma mai yiwuwa a sake shi. Wato an kai matsayin da mutum biyu ke fuskantar juna, kowanne doka na iya ba shi gaskiya, wanda ya rayu shi ke zuwa ya ba da labari. Huber ba ya nan balle ya faɗi abin da ya gani da abin da ya ji tsoro. Dokar kare kai an gina ta ne a kan ɓarawo da mai gida, ko ɗan fashi da matafiyi, inda ake iya gane wanda ya far wa wani. Ba a gina ta don titi cike da ɗaruruwan mutane a fusace ba, cikin dare, bindigogi a hannun ɓangarori biyu. Jihar da ta yarda a shiga taron zanga-zanga da bindigar yaƙi, ita ta shirya wannan tarkon.

Game da yadda aka gudanar da shari'ar, ƙorafe-ƙorafen ba nauyinsu ɗaya ba. An yi ta surutu cewa alƙali ya hana a kira waɗanda aka harba da kalmar da ke nufin "waɗanda aka zalunta", alhali ya yarda a kira su masu tarzoma ko masu ƙone-ƙone in akwai shaida. Rabin farko ba baƙon abu ba ne, tsohuwar al'adarsa ce a kotunsa, kuma tana da hujja: ko an zalunce su ko ba a zalunce su ba, ai shi ne abin da ake shari'a a kai. Rabi na biyun ne nake ganin ya karkatar da sikeli, domin matattu ba sa iya wanke kansu. Wanda ya fi wannan nauyi shi ne hana juri ganin wani bidiyo da aka ɗauka kimanin mako biyu kafin harbin, inda ake jin muryar da aka ce tasa ce yana cewa da ma yana riƙe da bindigarsa ya harbi wasu da yake zargin ɓarayin kanti ne. Alƙali ya ga cewa wannan wani lamari ne daban. Ƙa'idar hana kawo tsohon halin mutum don a ɓata shi ƙa'ida ce mai kyau, tana kare talakawa da yawa a kotuna. Amma a shari'ar da ta rataya kan abin da ke cikin zuciyar mai harbi, ni da na bari sun gani.

Sai maganar kuɗi. An sa belinsa dala miliyan 2, magoya baya suka tara aka biya. Ya samu ƙwararrun lauyoyi, har gwajin shari'ar suka yi a gaban juri na gwaji kafin ranar, don su ga ko ya dace ya yi magana da bakinsa. Ba laifi ba ne mutum ya samu kyakkyawar kariya. Abin tambaya shi ne yara nawa ne 'yan shekara 17, musamman baƙaƙen fata a unguwannin talakawa, ke samun ko kashi ɗaya cikin goma na wannan. Mafi yawan shari'o'in laifi a Amurka ba sa ma kaiwa gaban juri, ana ƙarewa ne da wanda ake tuhuma ya amsa laifi don a rage masa hukunci. A daren da abin ya faru, bayan harbin, ya nufi motocin 'yan sanda hannuwansa a sama, bindiga a rataye, mutane na ihu cewa shi ne, motocin suka wuce shi. Sai daga baya ya miƙa kansa a garinsu.

Don kada ka ɗauka duk wanda ya ce kare kai a Amurka sakinsa ake yi, ga wata shari'ar. Ranar 25 ga Yuli, 2020, a birnin Austin na jihar Texas, wani sajan na soja mai suna Daniel Perry ya kutsa da mota cikin masu zanga-zanga. Garrett Foster, tsohon sojan sama mai shekara 28, ya matso kusa da motar ɗauke da AK-47, wadda doka ta ba shi damar riƙewa. Perry ya harbe shi ya mutu, ya ce kare kai ya yi. A nan kotu ta bari juri suka ga saƙonnin da ya rubuta tun kafin ranar, inda yake maganar harbin masu zanga-zanga, kuma shaidu suka ce Foster bai ɗaga bindigarsa ba. A watan Afrilun 2023 aka same shi da laifin kisa, a watan Mayu kuma aka yanke masa ɗaurin shekara 25. Ka ga bambancin da shigar da irin wannan shaida ke iya kawowa. Amma a watan Mayun 2024 gwamnan jihar, Greg Abbott, ya yi masa afuwa, bayan tun washegarin hukuncin juri ya fito ya ce zai yi hakan. Mutum 12 sun zauna sun saurari shaidu, siyasa ta zo ta share aikinsu. In ana neman inda aka yi wa adalci karan tsaye a fili, wannan ya fi na Kenosha bayyana.

Rittenhouse dai ba za a sake gurfanar da shi kan waɗannan tuhume-tuhumen ba, domin tsarin mulkin Amurka ya hana a yi wa mutum shari'a sau biyu kan laifi ɗaya, kuma gwamnati ba ta ɗaukaka ƙara in juri sun wanke mutum. Ƙofar da ta rage ita ce ta neman diyya, inda ma'aunin hujja ya fi sauƙi, rinjayen hujja kawai ake nema. Mahaifin Huber ya shigar da irin wannan ƙara a kan Rittenhouse da hukumomin yankin, kuma a farkon 2023 wani alƙalin tarayya ya ƙi korar ta.

Da a Najeriya ne fa? Abu na farko, ba mu da juri, alƙali ne ke auna shaida ya yanke, kuma sai ya rubuta dalilansa, ana kuma iya ɗaukaka ƙara. Na biyu, riƙe irin wannan bindiga kaɗai babban laifi ne a ƙarƙashin dokar makamai, tun kafin a zo maganar harbi. Na uku, kundin Penal Code da aka gada a jihohin Arewa ya amince da haƙƙin kare kai tun daga sashe na 59, amma ya ɗaure shi da sharuɗɗa: ba a yin ɓarnar da ta wuce abin da kariyar ke buƙata, kuma babu wannan haƙƙi in akwai lokacin neman taimakon hukuma. Wannan ya yi kusa da abin da malaman fiƙihu ke faɗa a babin tunkuɗe maƙetaci, cewa ana farawa da mafi sauƙi, ba a tsallakawa zuwa kisa in tsawa ko duka za su wadatar. Akwai kuma matsakaicin mataki a sashe na 222: wanda ya fara kare kansa da gaskiya amma ya wuce gona da iri, ba tare da ya ƙudurta kisa tun farko ba, ana iya sauko masa daga kisan da hukuncinsa kisa ne zuwa wanda hukuncinsa ɗauri ne. A lissafina, alƙalinmu zai daɗe a kan harsashi huɗun da aka zuba wa Rosenbaum, mutumin da ba ya riƙe da makami, kuma a kan wannan sashe na 222 lauyoyin ɓangarorin biyu za su fi kai ruwa rana.