Barcin minti 20 sau shida a rana, zai yiwu?

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka yanka barcinka gida shida, minti 20 duk bayan awa 4, wanda Turawa ke ce wa Uberman, wai don ka samu lokacin karatu. Lissafa mana, awa 2 kenan fa a yini.

Ni na gwada lokacin jarabawa, wallahi ban kai sati ba, kaina kamar an ɗora min dutse, na karanta shafi sau uku ban riƙe komai ba, ranar nan har gyangyaɗi na yi cikin adaidaita sahu sai da muka wuce Ƙofar Nassarawa na farka. Babba yana buƙatar awa 7 zuwa 9, kuma zagaye ɗaya na barci, wato daga barci mara nauyi zuwa mai nauyi har zuwa na mafarki, kusan minti 90 ne, a ciki ƙwaƙwalwa ke adana abin da ka karanta. Ƙarancin barci na daɗewa yana jawo hawan jini da matsalar suga, in kana tuƙi kuma abin ya fi haɗari.

In rabawar kake so, yi irin tamu ta da, kwanta da wuri bayan isha'i, ka tashi asuba, bayan azahar ka yi ƙailula ta rabin awa, dama zafin Kano ba ya barin mutum ya yi wani abin kirki a lokacin.