Kafin Wilma Mankiller, matan Cherokee ba su da ta cewa ne?

Tambaya: Na ga hoton Wilma Mankiller a jikin tsabar kuɗin Amurka, aka ce ita ce mace ta farko da ta shugabanci Cherokee, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka. Ke nan kafin ita mata 'yan kallo ne? Daga wata malamar makaranta a Zariya.

Amsa: Malama, ita ce dai mace ta farko da ta hau kujerar babban shugaban Cherokee na jihar Oklahoma, a 1985. Amma mata sun daɗe da faɗa a ji a wannan al'umma, ƙwace musu aka yi daga baya.

Ta wajen uwa Cherokee ke bin dangantaka. Yaro ɗan zuriyar uwarsa ne, gida da gona na mace ne, miji ke tarewa wurin matarsa. Dubi Nanyehi, wadda Turawa ke kira Nancy Ward. A yaƙin Taliwa na 1755 aka kashe mijinta, ta ɗauki bindigarsa ta ci gaba da fafatawa. Aka naɗa ta Ghigau, muƙamin da ya ba ta wurin zama a majalisa da ikon hana a kashe wanda aka kamo a yaƙi. A 1817, tsufa ya riga ya kama ta, ita da wasu mata suka aika wa majalisa saƙo cewa kada a ƙara rabuwa da ƙasa. Tsarin mulkin Cherokee na 1827, wanda aka kwaikwayo daga na Amurka, ya bar ƙuri'a a hannun maza kaɗai. Hakan bai hana a kore su daga ƙasarsu a 1838 ba.

Daga nan ƙarfin mata ya koma aji da tsakar gida. A 1851 gwamnatin Cherokee ta buɗe makarantar 'yan mata a Park Hill da kuɗinta. Abin yabo ne, sai dai da Turanci ake koyarwa, an bar harshen gida a waje, kuma wannan yana yi mini ciwo. Kakanni ne suka riƙe labarai irin na Selu, uwar masara. Gayle Ross, fitacciyar mai ba da tatsuniya, a bakin kakarta ta koya.

Ita kuwa Mankiller, aikin ruwa ne ya fito da ita. A ƙauyen Bell gidaje da dama ba su da famfo, ta haɗa kan mutane suka haƙa rami da kansu suka shimfiɗa bututu na mil 16. Da ta tsaya takarar mataimakiyar shugaba a 1983 ta sha tsangwama don kawai mace ce, amma a 1991 ta ci zaɓe da ƙuri'u sama da kashi 80 cikin 100. A 1995 da ta sauka, Cherokee na gabas, a Karolina ta Arewa, suka zaɓi Joyce Dugan, malamar makaranta irinki, ta zama shugabarsu.